Asabar, Tarwaɗa da Kaciya: Shin Dokokin Bani Isra'ila Suna Kan Kirista?

Wasiƙar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi mai sauraronmu a yankin Saminaka ta Jihar Kaduna, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni Kirista ne, kuma gona ɗaya muke nomawa da ƙanena tun rasuwar mahaifinmu. Bara ya koma wata coci, tun daga nan ya daina fita gona ran Asabar, ko da kuwa ruwan shuka ya sauka ran Juma'a da dare. Ya daina cin tarwaɗa, alhali bandar tarwaɗa ita ce sana'ar matata, har ma ya ware tukunyarsa. Ya ce wai haka Allah ya umarci Bani Isra'ila, kuma dokar tana nan a kanmu. Fastonmu kuwa ya ce an ɗauke mana. Don Allah ku binciko mana tarihin wannan magana, domin tana neman raba mana gida."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Mu dai a nan ba malaman coci ba ne, saboda haka ba za mu yanke muku hukunci ba, tarihin da ka nema shi za mu kawo maka. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, wannan gardama da kuke yi kai da ƙanenka ta kusa shekara dubu biyu a duniya. Ita ce ma gardamar da ta tilasta wa manyan almajiran Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, suka taru a wuri guda don neman mafita.

Dokokin su wane ne?

Waɗannan dokoki suna cikin Attaura ne, wato littattafai biyar na farkon Littafi Mai Tsarki waɗanda ake dangantawa da Annabi Musa. Malaman Yahudawa sun ƙidaya su suka ce 613 ne, 248 na umarni, 365 na hani. Shahararren malaminsu Musa ɗan Maimuna, wanda aka haifa a Andalus ya kuma rasu a Masar a 1204, ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

A cikinsu akwai kaciyar ɗa namiji a rana ta takwas, da hutun Asabar, da hadayun dabbobi, da idodi. A wajen abinci, dabbar da aka halatta ita ce mai rababben kofato wadda kuma take tuƙa. Da haka alade ya fita, raƙumi ya fita, zomo ma ya fita. A ruwa kuwa sai kifi mai ɓawo a jiki, to ka ga inda tarwaɗa ta faɗi ke nan, tunda ita santsin jiki gare ta. Fara kuwa an halatta ta.

Akwai kuma dokokin gona da na kasuwa, waɗanda ba a cika ambatonsu ba. An ce a bar gona ta huta duk shekara ta bakwai. An ce in ana girbi kada a share gefen gona tas, a bar wa matalauci da baƙo su yi kala. An hana haɗa sa da jaki a garma ɗaya, an hana shuka iri biyu a gona ɗaya. An hana ɗan kasuwa ajiye mudu biyu, babba na saye ƙarami na sayarwa. An ce a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa kafin rana ta faɗi, kada a karɓi dutsen niƙa jingina, kada kuma a karɓi kuɗin ruwa daga ɗan'uwa Ba'isra'ile. To ka ga Malam, duk wanda ya ce zai ɗauki dokar gaba ɗayanta, sai ya sake duba gonar da ya haɗa gero da wake.

Su kansu malaman Yahudawa ba su ce kowa da kowa ya bi waɗannan dokoki ba. A wurinsu alkawari ne tsakanin Allah da Bani Isra'ila, sauran mutane kuwa dokoki bakwai ne a kansu, waɗanda suke kira dokokin 'ya'yan Nuhu, irin su hana kisan kai da sata da bautar gumaka. Kazalika sun ce da yawa daga dokokin gona sun shafi ƙasar Isra'ila ce kawai.

Taron Urushalima

Shi Yesu Bayahude ne, an yi masa kaciya, yana kuma zuwa majami'a ran Asabar. Littafin Matiyu ya ruwaito cewa ya ce ya zo ne ya cika Attaura, bai zo rushe ta ba. Littafin Markus kuma ya ruwaito ya warkar da mara lafiya ran Asabar, ya kuma koyar cewa abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum, ba abin da ya shiga ciki ba. Har gobe kowane ɓangare yana kafa hujja da nasa. Almajiransa na farko dai duk Yahudawa ne, sun ci gaba da zuwa Haikali kamar kowa, don haka babu wanda ya tayar da maganar.

Rigima ta taso ne sa'ad da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga addinin da yawa, musamman a Antakiya, wani babban birnin kasuwanci da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yau, inda aka fara kiran mabiyan da sunan Kirista. Wasu mutane suka zo daga Yahudiya suka ce wa sababbin shiga, babu ceto sai da kaciya. Mu a nan ƙasar Hausa kaciya ba abin gardama ba ce, Musulmi da Kirista kowa yana yi wa ɗansa. Amma ga Bagirke ko Barume baligi, abin kunya ne ƙwarai da gaske. Ga kuma matsalar nama, domin da yawa daga naman da ke kasuwa daga ɗakunan gumaka yake fitowa. Ke nan Bayahude mai bi da Bagirke mai bi ba sa iya sa hannu a akushi ɗaya, alhali cin abinci tare yana cikin ibadarsu.

Wajen shekara ta 49 miladiyya, Bulus da Barnaba suka tafi Urushalima, wato birnin Ƙudus, suka zauna da Bitrus da Yakubu, shugaban masu bi na birnin. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 15, ya ba da labarin yadda aka yi ta kai ruwa rana. A ƙarshe aka rubuta wasiƙa cewa ba za a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba kaciya da sauran nauyin Attaura ba, sai dai su kiyaye abu huɗu: naman da aka yanka wa gumaka, da jini, da dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Ka lura Malam, uku daga cikin huɗun nan maganar tukunya ce. Masana da yawa suna ganin an sa su ne domin ɓangarorin biyu su iya cin abinci tare. Ka kuma lura, taron bai ce wa Yahudawa masu bi su bar al'adarsu ba.

Duk da haka ƙura ba ta lafa nan da nan ba. Bulus da kansa ya rubuta wa mutanen Galatiya cewa Bitrus ya zo Antakiya yana cin abinci da kowa, amma da wasu baƙi suka iso daga wurin Yakubu sai ya janye jikinsa, shi kuwa Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Bulus ɗin nan kuma da ya ƙi yarda a yi wa abokin aikinsa Titus kaciya saboda shi Bagirke ne, shi ne ya yi wa Timoti, wanda uwarsa Bayahudiya ce, don kada Yahudawa su ƙi saurarensu. A wasiƙarsa ga mutanen Rum, sura ta 14, ya ja kunnen mai cin kome da kada ya rena mai ƙin ci, shi ma mai ƙin ci kada ya hukunta mai ci, haka nan kuma game da mai ɗaukaka wata rana bisa wata.

Yadda Asabar ta koma Lahadi

Abin da gardama ba ta yanke ba, yaƙi ya zo ya yanke. A shekara ta 70 sojojin Rum suka rushe Haikalin Urushalima, hadayu suka tsaya ga kowa da kowa, har da Yahudawan kansu. A shekara ta 135, bayan wani tawaye, Sarkin Rum Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga birnin. Daga nan Kiristoci 'yan asalin Yahudu suka zama 'yan tsiraru. Wasu ƙungiyoyinsu, irin su Ebiyonawa, sun ci gaba da kaciya da Asabar har ƙarni na huɗu, kafin labarinsu ya ɓace.

Sai kuma aka sami wanda ya zarce ta ɗaya gefen. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, ya ce a jefar da Tsohon Alkawari ɗungurungum. Cocin birnin Rum ta kore shi a 144, ta kuma mayar masa da kuɗin da ya ba ta gudummawa. Ke nan coci ta ƙi ɗaukar dokokin duka, ta kuma ƙi yar da littafin da suke ciki.

Game da rana, tun wajen shekara ta 150 wani malami mai suna Jastin ya rubuta cewa Kiristoci suna taruwa ran Lahadi, domin a imaninsu ran nan ce Yesu ya tashi daga matattu. Amma a lokacin Lahadi ranar aiki ce, a yi sujada a koma sana'a. Sarki Kwanstantin ne ya mayar da ita ranar hutu a 321. Ga wani abin da zai ba ka sha'awa a matsayinka na manomi: dokar tasa ta ce alƙalai da masu sana'a da mutanen birni su huta, amma ta ƙyale manoma su fita gona, saboda sau da yawa ranar da ta dace da shuka ba ta dawowa. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, wani taron malaman coci a Lawudikiya ya hana Kirista zaman hutu ran Asabar. Ai ba a hana abin da babu mai yi, don haka wannan hani shaida ne cewa har a lokacin akwai masu kiyaye ta.

Hatta abu huɗun nan na Urushalima ba su tsira daga sauyin zamani ba. Wajen shekara ta 197 Tartuliyan, malamin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce Kiristoci ba sa cin jini ko kaɗan. Bayan shekara ɗari biyu, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce a yankinsu 'yan kaɗan ne suka rage masu kiyaye wannan, har ma dariya ake yi musu. Cocin Girkawa kuwa ta sake jaddada hanin a 692.

Raba doka kashi uku

To, da wane ma'auni ake ɗaukar wata doka a bar wata? Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda Tomas Akwinas, malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya tsara. Ya ce dokokin kashi uku ne. Akwai na ɗabi'a, irin su Dokoki Goma, waɗannan suna kan kowa har abada. Akwai na ibada, irin su hadaya da kaciya da abinci, waɗanda suka ƙare da zuwan Almasihu. Akwai na shari'ar ƙasa, irin su hukuncin ɓarawo da rabon gado, waɗanda aka yi wa ƙasar Isra'ila ta wancan zamani. Cocin Angilika ta sa irin wannan rabo cikin ƙa'idodinta 39 na 1571, a ƙa'ida ta bakwai. Martin Luta kuwa, a wani wa'azi na 1525, cewa ya yi dokar Musa ta Yahudawa ce kamar yadda kowace ƙasa take da tata, Kirista yana bin abin da ya dace da dokar da Allah ya dasa a zuciyar kowane mutum. Akasarin cocin da ka sani a Arewa daga wannan tushe suka fito, mai yiwuwa nan ne fastonku ya tsaya.

Sai dai fa rabon bai kashe gardama ba, domin Attaura kanta ba ta zo a rabe haka ba, mutane ne suka raba. Ɗauki kuɗin ruwa. Taron Nikiya na 325 ya hana malaman coci karɓa, taron Lataran na 1179 ya ce mai cin riba a fili ba za a yi masa jana'izar Kirista ba, amma a 1545 Jon Kalbin na Janiba ya halatta ruwa mai sauƙi, ban da a kan matalauci. Ɗauki ushiri, wato ɗaya bisa goma, wanda Kiristocin ƙasar Hausa ke kira zakka. Taron Makon a Faransa ya wajabta shi a 585, Sarki Sharlaman ya mayar da shi dokar ƙasa a 779, Faransa ta soke shi a 1789, ga shi kuma har yau ana muhawara a kansa a cocin Nijeriya. Ita Asabar kuwa ta fi su duka wuya, saboda tana cikin Dokoki Goma. Masu Lahadi suka ce umarnin a keɓe wa Allah rana shi ne na har abada, zaɓen ranar kuwa na ibada ne. Masu Asabar suka ce wa ya ba mutum izinin taɓa ɗaya daga cikin goma?

Darasi daga Habasha

A nan Afirka akwai ƙasar da ta bi tata hanya dabam. Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na huɗu, zamanin Sarki Ezana, kuma har yau mabiya cocinta na Otodoks suna kaciya, ba sa cin alade, suna kuma girmama Asabar da Lahadi duka biyu. Wannan ma da rigima aka kai gare shi. Wani malami mai zuhudu, Ewostatewos, ya sha tsanani saboda wa'azin Asabar har ya bar ƙasar, ya rasu a Armeniya a 1352. Almajiransa ba su saki ba, sai da Sarki Zara Yakub ya tara malamai a Dabra Mitmak a 1450 aka amince da ranakun biyu.

Da Turawan Fotugal suka zo suka zarge su da Yahudanci, Sarki Galawdewos ya ba su amsa a rubuce a 1555. Ya ce kaciyarsu al'adar ƙasa ce kamar yadda wasu ke tsaga a fuska, kuma ba sa ƙyamar wanda ya ci alade, ba sa hukunta shi. Amma daga baya Sarki Susenyos ya koma Katolika a 1622, aka shiga hana Asabar da kaciya da ƙarfin sarauta. Ƙasa ta kama da wuta shekara da shekaru. A 1632, bayan wani gumurzu da dubban manoma suka mutu, sarkin ya ga cewa talakawansa ne yake kashewa, ya mayar wa jama'a addininsu na da, ya sauka ya bar wa ɗansa Fasilidas gadon sarauta.

Masu Asabar na zamaninmu

Ba ka faɗa mana sunan cocin ƙanenka ba, amma mafi shahara cikin masu wannan koyarwa su ne 'yan Adbantis, waɗanda aka fi sani da masu Asabar. An kafa cocinsu a Amurka a 1863, sun iso Nijeriya a 1914, suna kuma da asibiti a Jengre ta Jihar Filato, ba nisa da ku. Suna hutu daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwar rana ran Asabar, ba sa cin alade da kifi mara ɓawo, suna ba da zakka. To amma su ma ba sa yanka hadaya, ba sa wajabta kaciya, ba sa barin gona shekara ta bakwai. Hujjarsu ita ce Asabar ta girmi Musa tunda tun farkon halitta aka keɓe ta, rabon dabbobi masu tsarki da marasa tsarki kuma tun zamanin Nuhu yake.

A taƙaice dai Malam, abin da tarihi ya nuna shi ne, tun bayan rushewar Haikali babu cocin da ta riƙe dokokin nan 613 duka, babu kuma babbar cocin da ta yar da su duka. Kowace ta ja layi ne a wani wuri, ta kawo hujjarta. Mafi yawan Kiristocin duniya suna inda fastonku yake, ƙanenka kuma ba shi ya fara ba, yana da magabata tun daga Urushalima har Habasha.

In ka yarda mu ɗan sa baki a matsayin 'yan'uwa, ga abin da muka gani. Dattawan da suka zauna a Urushalima sun nemi hanyar da za a ci gaba da cin tuwo tare ne, ko da ra'ayi bai zo ɗaya ba. Ai ko a garuruwanmu, Kiristoci da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu ragon Kirsimeti don kowa ya iya ci. Me zai hana ku zauna kai da ƙanenka, in ya huta Asabar ya fita Lahadi, kai ka fita Asabar ka huta Lahadi? Da haka gonarku ba za ta kwana ba ko rana ɗaya cikin damina. Uwargida kuma ta ci gaba da bandarta, a ɗebe masa miyarsa kafin a sa kifi. Zumunta a ƙafa take, amma a tukunya ma tana nan.

Da fatan ka gamsu, kuma muna jiran wasiƙarka ta gaba mu ji yadda kuka ƙare. Ka gaida mana ƙanen naka da uwargida da sauran iyali. Allah ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.